Kundin aiki: rage layukan izini a Yosys don FPGA ɗin iCE40

6 ga Oktoba, 2025

Na buɗe wannan kundi don in riƙa rubuta inda aiki ya tsaya, tunda ba abin da za a gama a zama ɗaya ba ne. Abin da na sa a gaba ƙaramin mataki ne da zan ɗora wa Yosys, wanda zai duba layukan izini na DFF (wayoyin da ke ba ma'ajiyar bit damar karɓar sabon abu) a kan iCE40, wato FPGA na kamfanin Lattice (guntun lantarki da ake iya sake tsara da'irar cikinsa), ya cire waɗanda cire su ba zai ci komai ba. Na sa masa suna ice40_izini kafin a sami wanda ya fi.

Ga wanda bai saba ba, Yosys ne ke karɓar da'irar da aka rubuta da harshen Verilog ya mayar da ita ƙananan sassan da FPGA ke da su a cikinsa. Claire Wolf ce ta fara shi a 2012 a jami'ar fasaha ta Vienna da ke Ostiriya, da C++, kuma lasisinsa ISC ne, kowa na iya ɗauka ya gyara. Ba shi kaɗai ke aikin ba. ABC na jami'ar Kalifoniya a Berkeley ne ke matse lissafin zuwa LUT, wato ƙananan teburan da ke ba da amsa bisa abin da ya shigo ƙafafunsu, sannan nextpnr ya zaunar da kowane sashe a wurinsa, ya ja wayoyi. Cikin iCE40 kuwa, tun 2015 aikin IceStorm ya baje shi a fili, shi ya sa mutum zai iya zama a ɗakinsa ya yi irin wannan lissafi.

Ga matsalar. A iCE40 kowane ɗakin lissafi yana da LUT mai ƙafa huɗu, da DFF ɗaya, wato ma'ajiyar bit ɗaya, da ɗan sashen tarawa. Ɗakunan an jera su takwas-takwas, kamar gidan haya mai ɗaki takwas da mita ɗaya: duk DFF ɗin da ke gida ɗaya dole su yi tarayya a agogo ɗaya, layin izini ɗaya, layin sharewa ɗaya. DFF biyu masu izini daban ba za su taɓa zama gida ɗaya ba. HX1K ɗakunansa 1280 ne, wato gida 160. UP5K yana da 5280, gida 660. HX8K yana da 7680, gida 960. Don haka a HX1K idan rukunan izininka suka wuce 160, an gama magana, ko da DFF ɗinka duka ba su kai ɗari huɗu ba.

Akwai magani tun da. synth_ice40, umarnin Yosys na iCE40, yana da zaɓin -dffe_min_ce_use: ka ba shi adadi, duk izinin da DFF ɗin da ke rataye da shi ba su kai wannan adadi ba sai a warware shi. Yana aiki, amma kai kawai yake ƙirgawa. Ba ya duba ko warwarewar za ta ƙara LUT, ba ya kuma duba ragowa, misali rukuni mai DFF 9 da ke tare gida biyu saboda ɗaya tak. Waɗannan biyun nake son rufewa.

9 ga Oktoba

Ƙashin bayan matakin ya tsaya. Ban taɓa cikin Yosys kansa ba, a gefe na gina shi da yosys-config --build, ina loda shi da -m. A yanzu ba ya canja komai, ƙirga kawai yake yi. Yana bi ta kan kowane DFF, ya sa shi a rukuni bisa abu huɗu: agogo, gefen bugun da yake ji (hawa ko sauka), izini, da sharewa. Daga nan ya raba kowane rukuni da takwas, ya cike ragowa, ya faɗi mafi ƙarancin gidajen da za a buƙata. Dole kowace waya ta bi ta SigMap, mai tsayar mata da suna ɗaya, tukuna, don a RTLIL, tsarin da Yosys ke ajiye da'ira a cikinsa, waya ɗaya kan amsa suna uku, in ba haka ba rukuni ɗaya sai ya fito kamar uku.

Na kuma rubuta zanen gwaji na farko: rajista 200, kowace bit 2, kowace da izinin rubutunta. Da generate na jera su, don in da jeri ɗaya na rubuta Yosys zai gane ma'adana ce ya bi da ita wata hanya. DFF 400 ke nan, kuma ko an haɗa da LUT na zaɓen adireshi da na karantawa ɗakunan ba su kai 1280 ba. Amma rukuni 200 ne, gida kuma 160. nextpnr ya yi ta neman wuri har ya haƙura, kamar yadda lissafi ya nuna tun farko.

14 ga Oktoba

Warware izini ba wani abu ba ne a takarda. Maimakon DFF ya ƙi karɓar sabon abu idan izini ya sauka, sai a sa masa mazaɓi a gaba: in izini na sama ya ɗauki D, wato sabon abin da ke shigowa, in yana ƙasa ya sake ɗaukar Q ɗinsa, wato abin da yake riƙe da shi. A kernel/ff.h akwai FfData da unmap_ce() wanda ke yin wannan daidai, don haka rubutun bai fi 'yan layuka ba.

Wurin da za a sa matakin ne ya ɗauki lokaci. In an sa shi da wuri, kafin map_gates, ɗaya daga zangunan synth_ice40, opt ɗin da ke biye zai kira opt_dff, shi kuwa aikinsa ke nan ya hango mazaɓin da ke komo da Q ya mayar da shi izini. Sai ka cire, ya mayar. Ba laifinsa ba ne, abin da aka gina shi ya yi yake yi. Da zaɓin -run na tsayar da synth_ice40 a bakin map_ffs, na shigar da nawa, sannan na ci gaba. Nan ya zauna, zanen gwaji ya shiga HX1K.

Sai dai ban gamsu ba, don wannan nasarar -dffe_min_ce_use 3 ma zai kawo ta. A wannan gaɓa babu LUT tukuna, ƙofofin AND da OR da NOT ne kawai, don haka farashin cirewa sai dai a yi hasashe. Na gwada bin waya da baya daga D ina ƙirga ƙafafun da suka shigo, amma ABC ba ya yanka da'ira inda nake tsammani. Hasashen yakan ce kyauta ne, a ƙarshe LUT ya ƙaru.

21 ga Oktoba

Na sauya shawara, matakin ya koma bayan map_luts, gab da map_cells. A nan ABC ya gama nasa, kowane $lut yana da faɗinsa da teburinsa a rubuce, DFF kuma sun riga sun zama SB_DFFE da 'yan uwansa. Abin da na rasa shi ne FfData, don bai san sassan SB ba. Sai na rubuta ɗan teburi da hannu. Nau'in DFF a iCE40 ashirin ne, goma daga ciki ne masu izini, biyar na hawan agogo biyar na sauka, don haka teburin bai da tsawo.

Abin da na samu a madadinsa ya fi: yanzu farashi ba hasashe ba ne. Ƙa'idar ɗaya ce. A ɗauki ƙafafun LUT ɗin da ke ciyar da D, a ƙara izini da Q, a cire maimaici. In ba su wuce huɗu ba, a faɗaɗa teburin a wurin, ɗaki bai ƙaru ba. LUT mai ƙafa biyu ya shiga ke nan, haka mai uku in Q na cikinsu, wanda ya zama ruwan dare a ƙananan injinan yanayi da tutocin da ke riƙe kansu.

Bari in rubuta misali ɗaya dalla-dalla, don nan ne hannu ke zamewa. A ce D shi ne A da B ta ƙofar AND. A a ƙafa ta 0, B a ta 1, na ɗora Q a ta 2, izini a ta 3. Teburin bit 16 ne, kuma ƙafa ta 0 ce mafi ƙanƙanta a lambar layi. Rabin ƙasa, layi na 0 zuwa na 7, shi ne inda izini ke ƙasa, amsa Q ce: sifili huɗu, sannan ɗaya huɗu, wato F0. Rabin sama izini na sama, amsa ɗaya ce kawai inda A da B duka ɗaya ne, layi na 11 da na 15, wato 88. Teburin ya zama 16'h88F0. Na zana wannan a takarda kafin in rubuta madaukin da ke gina teburi, na kuma sa shi ya zama gwajin farko. Idan D kai tsaye yake zuwa, da D a 0, Q a 1, izini a 2, amsa 8'hAC ce.

23 ga Oktoba

Yau na ci karo da abin da ya canja yadda nake auna aikin gaba ɗaya. Ɗakin iCE40 mafitarsa ta zuwa ga sauran da'ira ɗaya ce, ko ta LUT ko ta DFF, kuma DFF ba ya karɓar D sai ta LUT ɗin ɗakinsa. Saboda haka nextpnr ba ya haɗa LUT da DFF ɗaki ɗaya sai in DFF ɗin ne kaɗai ke shan abin da LUT ya fitar. In LUT ɗin na ciyar da wani wuri kuma, ko D daga wani DFF ya zo, ko daga ƙafar waje, to DFF zai kama ɗaki shi kaɗai, LUT ɗin ɗakin ya zama 'yar gada da ba ta lissafin komai.

Ma'ana, a duk irin waɗannan wurare sabon LUT na mazaɓi kyauta ne, gurbin gadar zai shiga. Amma stat na Yosys zai nuna SB_LUT4 sun ƙaru. A zanen gwaji sun ƙaru da 400 cif, alhali layin ICESTORM_LC, mai ƙirga ɗakuna, a rahoton nextpnr ko motsi bai yi ba. Duk wanda ya auna wannan mataki da adadin LUT zai ce ɓarna yake yi. Daga yau matakin da kansa zai riƙa buga adadin ɗakuna da na gidaje, kafin da bayan, kuma da su zan riƙa kwatance.

30 ga Oktoba

Makon tantancewa. Kwaikwayo da Icarus Verilog bai isa ba ga abin da ke taɓa teburin LUT, don layin da gwajinka bai taka ba shi ne zai cije ka a kan allo. Na bi tsarin da gwaje-gwajen tests/arch/ice40 ke bi: equiv_opt -assert tare da -map +/ice40/cells_sim.v, wanda ke ajiye da'irar kafin mataki da bayansa ya sa SAT, manhajar da ke bincikar ko akwai halin da zai cika wani sharaɗi, ta tabbatar abu ɗaya suke yi. Masu sharewar nan take suna buƙatar -async2sync, masu jin saukar agogo kuma -multiclock.

SB_DFFE, SB_DFFER da SB_DFFES sun wuce lafiya. A SB_DFFESR ne tantancewa ta ƙi. Dalilin yana rubuce ƙarara a cells_sim.v: a wannan nau'i sharewa mai jiran agogo ba ta aiki sai izini na sama. Izini ne a waje, sharewa a ciki. In ka mayar da shi SB_DFFSR ka bar R, wato layin sharewa, yadda yake, to zai share kansa a lokacin da asali ya kamata ya riƙe abinsa. Yosys ma suna biyu ya ware wa wannan bambanci, $_SDFFE_ inda sharewa ke gaba, da $_SDFFCE_ inda izini ke gaba, kuma na biyun ne iCE40 ke da shi.

Hanyar da ta fara zuwa rai ita ce a yi sabon R, wato R da E (izini) ta ƙofar AND. Daidai ne a lissafi, amma ba ta da amfani a nan, don sabuwar wayar sharewa sabon rukuni ce. An kori izini ta ƙofa ya dawo ta taga. Hanya ta biyu, a cusa R ma cikin LUT a koma SB_DFF zalla. Sai dai D, Q, E da R sun cinye ƙafa huɗu, don haka ba ta yiwuwa sai inda D ke zuwa kai tsaye.

Ta uku ce ta fi burge ni. Yawancin mutane a Verilog sharewa suke fara rubutawa, sannan izini. Da yake iCE40 bai da wannan nau'i, dfflegalize, matakin Yosys da ke daidaita DFF da nau'o'in da FPGA ke da su, yakan ƙirƙiro sabon izini, E ko R, don sharewa ta samu hanya. A irin wannan hali duk lokacin da R ke sama izini ma na sama, don haka SB_DFFSR da R ɗinsa na asali daidai ne. Abin da ya rage shi ne a tabbatar da cewa R ba ya taɓa hawa izini na ƙasa. Na ɗan duba teburin LUT ɗin izini ido da ido, amma ABC kan narkar da wannan OR cikin wani lissafi, don haka na koma ga QuickConeSat na kernel/qcsat.h, in tambaye shi ko akwai halin da R ɗaya ne, E sifili. In ya ce babu, a cire. In ya ce akwai, a bar DFF ɗin yadda yake. Wani lokaci zai ce akwai alhali a zahiri da'irar ba ta taɓa kaiwa can, don ba ya leƙa bayan DFF. Na yarda da wannan asarar. Yanzu duka goman suna wucewa.

4 ga Nuwamba

Ba wani ci gaba, gyare-gyare ne. Na sabunta OSS CAD Suite, ƙunshin da ke zuwa da Yosys da nextpnr, dole na sake gina matakin, don abin da aka loda da -m sai ya dace da ainihin Yosys ɗin da aka gina shi a kansa. Tun fitowar 0.10 a Satumban 2021, bayan shekara biyu ana kan 0.9, kusan kowane wata ake fitar da sabo, don haka na sa ginin cikin Makefile in huta. Na kuma sa a jera rukunai bisa suna kafin a zaɓa, don zane ɗaya ya riƙa ba da sakamako ɗaya. DFF mai alamar keep ba a taɓa shi.

12 ga Nuwamba

Yanzu ne aka zo ga dalilin fara aikin: ragowa. Matakin ba ya ƙara cire duk abin da ya samu kyauta. Ga kowane rukuni yana duba abin da ya rage bayan an raba da takwas. In ragowar r ce, kuma akwai aƙalla r a rukunin da za su fita kyauta, sai ya fitar da r ɗin kawai, su koma rukunin da ke da agogo da sharewa iri ɗaya amma babu izini. Ana farawa da masu ƙaramar ragowa, don su ne gida guda ke kuɓuta da ɗan motsi. A ƙarshe a sake lissafi, in jimillar gidaje ba ta ragu ba a fasa duka.

Zanen gwaji na biyu: rajista 85 masu bit 9, kowace na karɓa daga ta bayanta, kowace da izininta. DFF 765, gida bibbiyu, 170 ke nan, HX1K ba zai ɗauka ba. Da -dffe_min_ce_use sai ka ba shi 10 kafin ya taɓa su, kuma zai warware duka 765. Nawa ya fitar da ɗaya daga kowace rajista. 85 sun cika gida 85, waɗanda aka fitar su 85 suna buƙatar gida 11, jimilla 96. nextpnr ya zaunar da shi, na loda a allon gwaji na iCEstick da agogonsa na 12 MHz, abin da na zuba ta gaba ya fito ta baya yadda ya kamata.

Bit 9 ba zaɓen ganganci ba ne. Duk wanda ya taɓa ajiye baiti tare da tutar da ke cewa akwai kaya a ciki ya yi rajista mai bit 9, haka mai riƙe sakamakon tarawa da abin da ya haura.

19 ga Nuwamba

Na kai shi kan da'ira ta gaske, PicoRV32 a UP5K, kuma gaskiya bambancin bai taka kara ya karya ba. Ba abin mamaki ba ne. PicoRV32 ƙwaƙwalwar kwamfuta ce irin ta RISC-V mai bit 32, manyan rajistocinsa gida huɗu-huɗu suke ci babu ragowa, kuma gida 660 sun ishi rukunansa har da saura. Saurin agogon da nextpnr ke bayarwa yakan motsa sama ko ƙasa, amma canja --seed, lambar da nextpnr ke fara kacici-kacicin zaunarwa da ita, kawai ma yana motsa shi haka, don haka ba zan ce na ƙara gudu ba, ba kuma zan ce na rage ba.

Akwai kuma wani farashi da ban sa a lissafi ba tukuna. Kowane gida wayoyin shiga 32 gare shi, kuma nextpnr yana haɗa ƙafafun LUT takwas da duk layin agogo, izini ko sharewa da bai hau babbar hanya ba (wayar musamman da ke ratsa duk FPGA ɗin), ya tabbatar ba su wuce 32 ba. DFF da ke cin ƙafa ɗaya a da yanzu uku yake ci. Takwas masu ƙafa huɗu sun cinye 32 ɗin ƙaf, in akwai layin sharewa na gida sai ɗaya ya fita. Wannan ya ƙara mini dalilin barin cikakkun rukunai su zauna da izininsu. Manyan ma sun fi cancanta a ƙyale su, don iCE40 yana da manyan hanyoyi takwas, nextpnr kuma da kansa yake ɗora izini mai yawan mabiya a kansu.

Ra'ayina a yanzu: wannan ba matakin da za a kunna wa kowa ba ne. Na mai HX1K ne, ko mai ƙaramin iCE40 na jerin LP, da ya cika da ƙananan rajistocin saiti, kayansa ba su kai ɗakuna ba amma sun ƙi shiga. Na ƙara zaɓin -gida, a ba shi adadin gidajen FPGA ɗin, in lissafin farko ya nuna akwai sarari mai yawa ya fita bai taɓa komai ba.

26 ga Nuwamba

Har yau matakin yana tsallake duk LUT ɗin da ke ɗaki ɗaya da SB_CARRY, wato sashen tarawa, kuma nan ne masu ƙirga suke, su ne kuma suka fi zuwa da tsawo marar kai, bit 10, bit 12, bit 5. Tsoron da ya sa na tsallake su shi ne ƙafafunsu a kafe suke. Sashen tarawa yana karanta I1 da I2 na LUT kai tsaye, abin da ya hauro daga ɗakin ƙasa kuma ta I3 yake shiga. In ka sauya jerin ƙafafu kamar yadda madaukina ke yi wa sauran LUT, sarƙar ta tsinke.

Amma I0 a sake take, sai in opt_lut ya riga ya cusa wani abu a wurin. A mai ƙirga, Q na kan ɗaya daga ƙafafun tarawa tun asali, don haka izini kaɗai ake buƙatar shigarwa: in yana sama a fitar da jimilla, in yana ƙasa a fitar da Q. Sarƙar ba ta ma san an yi ba, don ba ta karanta I0. Na fara rubuta reshe na daban na gina teburi wanda ba ya motsa ƙafa ko ɗaya. Mai ƙirga bit 10 ya wuce equiv_opt da yammacin nan. Mai ƙirga sama da ƙasa bai shiga ba, don I0 ɗinsa a cike take a wasu ɗakuna, kuma a nan sai duka sarƙar ta fita tare ko a bar ta, tunda ɗakunanta a jere suke hawa, ba a ɗauke ɗaya a kai wani gida. Ƙa'idar ragowa ta 12 ga wata ba ta san da wannan ba. Gobe zan raba rukunan sarƙa da sauran a lissafin, sannan in sake bi ta kan zanen gwaji biyun in ga ko 96 ɗin na nan.